Yadda Aka Gano Halin 'Ya'yan Lantarki Cikin Ƙarfe

Tun zamanin da maƙera sun san halin ƙarfe ƙwarai. Sun san wanda ke narkewa da wuri da wanda ke jure wuta, sun san wanda ke miƙewa in an buge shi da wanda ke karyewa. Amma akwai wani hali na ƙarfe da ba a sani ba sai da aka fara aiki da lantarki. In an haɗa wayar jan ƙarfe da batir, sai lantarki ya bi ta cikinta ya kunna fitila, in kuwa igiyar rama ce ko busasshen itace, ba abin da zai wuce. To, mene ne ke tafiya cikin wayar nan? Yaya kuma ya ke samun hanya, alhali ƙarfe abu ne mai tauri, ba shi da ko 'yar kafa? Masana sun shafe fiye da shekara 60 suna bin wannan tambaya, daga 1897 har bayan 1960. Abin da ya sa aikin ya yi wuya shi ne ba idon da zai iya leƙa cikin ƙarfe, ko da da madubin likita ne. Da abu biyu suka yi dabara, maganaɗisu da igiyoyin rediyo.

GANO ƊAN LANTARKI

A cikin shekarar 1897 wani malami na Jami'ar Kembirij a Ingila, mai suna J. J. Thomson, yana bincike da wata kwalba wadda aka zuƙe iskar cikinta, aka sa lantarki ya ratsa ta daga wannan gefe zuwa wancan. In ya kawo maganaɗisu kusa, sai ya ga hanyar lantarkin ta karkace. Da ya auna karkatar, sai ya gane ashe waɗansu 'yan ƙwayoyi ne ke gudu a ciki, ko wannensu ɗauke da ɗan rabonsa na lantarki. Turawa suna kiransu ilektaron, watau 'ya'yan lantarki. Ƙanƙantarsu ta wuce misali. Ko wane abu na duniya da ƙwayoyin zarra aka gina shi, wadda kuwa ta fi duka rashin nauyi ita ce ta iskar haidirojin, amma sai an tara 'ya'yan lantarki fiye da 1,800 kafin su yi nauyin guda ɗaya tata.

Akwai abin da ya kamata a riƙe daga aikin Thomson, don dukan labarin nan a kansa ya tsaya. Maganaɗisu ba ya ƙara wa ɗan lantarki gudu, ba ya kuma rage masa, akalarsa kaɗai ya ke juyawa. In ƙarfin maganaɗisun ya isa, sai ɗan lantarki ya riƙa kewaya wuri ɗaya kamar dokin da aka ɗaure a turke. In an ƙara ƙarfin, sai igiyar turken ta gajarce, kewayen ya ƙuntata.

A 1900 wani Bajamushe, Paul Drude, ya ce cikin ƙarfe ko wace ƙwayar zarra ta kan saki ɗa ɗaya ko biyu, su yi ta yawo ba mai su. In an haɗa batir, sai ya kora su gefe ɗaya, wannan kora ita ce lantarkin da ke bin waya. Maganar ta yi kyau, don ta bayyana dalilin da ya sa ƙarfen da ke ɗaukar lantarki shi ne kuma ke ɗaukar zafi. Shi ya sa cokalin ƙarfe ke ƙona hannu in an bar shi cikin miya, muciya kuwa ba ta yi.

Amma abu biyu suka ƙi daidaita da lissafin Drude. Na farko, in 'ya'yan lantarki suna yawo haka da yawa, ya kamata su sha zafi mai yawa in an ɗumama ƙarfe, da aka auna kuwa sai aka ga abin da su ke sha bai fi kashi ɗaya cikin 100 na abin da lissafi ya nuna ba. Na biyu ya girmi wannan. Tun a 1879 wani ɗalibi a Amurka, Edwin Hall, ya sa lantarki cikin 'yar fallen zinariya, ya kawo maganaɗisu, ya ga lantarkin ya matsu gefe guda. Daga baya aka ga cikin waɗansu ƙarafa, kamar tutiya wadda a ke shafa wa kwanon rufi don kada ya yi tsatsa, lantarkin ɗaya gefen ya ke matsawa, sai ka ce wani abu dabam ne ke gudu a ciki. Ba wanda ya iya faɗin dalili.

DOKAR RUMFUNA

Amsar ta fara fitowa a 1925, sa'ad da Wolfgang Pauli, mutumin Ostiriya, ya gano wata doka ta 'ya'yan lantarki. Ga yadda ta ke. A ɗauka akwai kasuwa mai rumfuna jere daga tsakiya har bakin gari, ko wace rumfa kuwa mutum biyu kaɗai ta ke ɗauka. Waɗanda suka riga zuwa sun cika rumfunan tsakiya, na baya dole su yi ta matsawa waje. Wanda ke tsakiya ba shi da ikon sauya wuri, don duk rumfunan kusa da shi a cike su ke. Na bakin kasuwa kaɗai ke da wurin matsawa. A 1926 Enrico Fermi na Italiya da Paul Dirac na Ingila suka tsara lissafin wannan doka, a 1927 kuma Arnold Sommerfeld na birnin Munik ya ɗora ta a kan ƙarafa.

A wurin 'ya'yan lantarki, rumfa ba wurin zama ba ne, irin gudu ne. Rumfunan tsakiya na masu tafiya sannu ne, na baki kuwa na masu tsananin gudu. Cikin jan ƙarfe waɗanda ke baki suna yin wajen kilomita 1,570 cikin daƙiƙa ɗaya, watau kusan mil 1,000, kuma ko an sanyaya ƙarfen iyakar sanyi ba su rage. Nan da nan matsalar zafi ta warware, gama na baki kaɗai ke iya karɓar zafi, su kuwa 'yan kaɗan ne.

A 1928 Felix Bloch ya ƙara wani bayani. Ƙwayoyin zarra na ƙarfe a jere su ke sahu sahu, kamar shuka a kan kunya. Muddin jerin bai ɓaci ba, ɗan lantarki ya kan wuce ba tare da ya yi karo da kome ba. Abin da ke tare shi shi ne baƙuwar ƙwaya da ta shiga jeri, ko kuwa zafi, don zafi ya kan sa ƙwayoyin su riƙa rawa a wurarensu. Shekara guda bayan haka Rudolf Peierls ya warware abin da ya faru da tutiya. Ya ce in rumfuna sun kusa cika duka, sai gurbin da ya saura ya riƙa tafiya kamar shi ma wani abu ne. In mutane suna sahu, na baya ya matsa ya cike gurbin gabansa, ai gurbin baya ya koma. Maganaɗisu kuwa ya kan juya gurbi ta ɗaya hannun.

Daga nan masana suka zana taswira. Ko wane ɗigo a cikinta yana nuna inda ɗan lantarki ya dosa da ƙarfin gudunsa. Iyakar da ta raba cikakkun rumfuna da waɗanda ba kowa, ita a ke kira iyakar Fermi. Da ba jerin ƙwayoyi, da iyakar nan ta zama dunƙule sosai kamar ƙwallo. Amma jerin ya kan lotsa ta nan, ya kumbura ta can, ko wane ƙarfe da irin siffar tasa. Yadda ƙarfe ke ɗaukar lantarki da zafi, da yadda ya ke yi gaban maganaɗisu, duk daga siffar nan su ke. Sai dai har 1930 a takarda kurum ta ke, ba wanda ya taɓa auna ta, kuma da yawa ba su tsammanin za ta aunu.

GIDAN SANYI NA LEIDEN

Abin da ya hana shi ne zafi. Cikin jan ƙarfe a ɗaki, ɗan lantarki ba ya wuce ƙwayoyi kamar 150 sai ya yi karo ya sauya hanya. Ko an kawo maganaɗisu, kafin ya fara kewaya an ture shi. Sai an sami ƙarfe mai tsabta ƙwarai, an kuma sanyaya shi har rawar ƙwayoyinsa ta kwanta, sa'an nan tafiyarsa ta kan ninka sau 1,000 ko fiye.

Irin wannan sanyi a birnin Leiden na ƙasar Holan aka fara samunsa. Ran 10 ga watan Yuli, 1908, Heike Kamerlingh Onnes ya mai da iskar hiliyam ruwa. Ruwan nan yana tafasa a digiri 269 ƙasa da sanyin da ruwan sha ke daskarewa, ƙarshen sanyi duka kuwa digiri 273 ne da 'yan kai. Shekaru da yawa Leiden kaɗai ke da shi a duniya, sabo da haka masana suka riƙa zuwa can daga ƙasashe.

Cikin masu zuwan akwai wani saurayi Barashe, Lev Shubnikov, wanda ya iso a 1926 ya yi aiki ƙarƙashin Wander de Haas. Gwanintarsa ita ce girka ƙarfe mai jeri ɗaya. Ƙarfen kasuwa kamar ƙananan gonaki ne da yawa, ko wace da inda kunyoyinta suka dosa. Don bincike kuwa, sai an sami gunduwa wadda jerinta ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Shubnikov ya yi ta narkar da wani ƙarfe mai gautsi da a ke kira bismut, yana sake daskarar da shi a hankali, har ya sami mai tsabtar da ba a taɓa samu ba.

A 1930 suka sanyaya bismut ɗin nan, suka sa masa lantarki, suka riƙa ƙara ƙarfin maganaɗisu kaɗan kaɗan. Sun yi tsammani wahalar wucewar lantarki za ta riƙa hawa sumul. Sai suka ga tana hawa tana faɗawa, tana hawa tana faɗawa, kamar mai hawan tudu da kwari. A cikin shekarar kuma de Haas da ɗalibinsa van Alphen suka auna yadda bismut ke ture maganaɗisu, suka ga irin wannan hawa da sauka. Ruwa ba ya tsami banza, amma a Leiden ba wanda ya san abin da ya tsamar da shi.

Abin mamaki, a wannan shekara ɗaya wani Barashe mai shekara 22, Lev Landau, ya buga lissafi wanda ya nuna dole a sami irin wannan hawa da sauka. Amma ya ce ba ya zaton za a iya ganinsa, don ba maganaɗisun da ƙarfinsa ya daidaita yadda a ke bukata. Bai san a bismut abin yana da sauƙi ba, gama cikin ƙwayoyinsa 100,000 ɗan lantarki kamar guda ɗaya ne kaɗai ke yawo, sabo da haka tuddan suna da faɗi, ba su ɓacewa.

ZAMANIN WAHALA

Aikin bai tafi lami lafiya ba, don ya faɗa cikin zamanin Stalin. Akwai wani babban masani Barashe a Kembirij, Pyotr Kapitza, gwanin ƙera maganaɗisu mai ƙarfi, wanda aka gina wa ɗakin bincike na kansa aka buɗe a 1933. A 1934 ya je gida ziyara, sai gwamnatin Tarayyar Sobiyet ta hana shi komawa. Daga baya aka sayi kayan aikinsa aka kai masa Mosko, aka gina masa sabuwar ma'aikata.

Ya bar wani ɗalibi a Kembirij, David Shoenberg, wanda aka haifa a Rasha a 1911 amma a Ingila ya girma. A 1937 Shoenberg ya bi malaminsa Mosko ya yi shekara guda. Can ya rataye 'yar gunduwar bismut cikin sanyi tsakanin bakin maganaɗisu, yana auna yadda ta ke neman juyawa. Landau yana ma'aikatar a lokacin, ya ba shi lissafin da zai fassara awon da shi. Da aka gwada, sai lissafi da awo suka yi daidai, aka sami siffar iyakar Fermi ta bismut, 'yan dunƙule ne sirara masu tsawo. Wannan shi ne karo na farko da aka auna ta cikin wani ƙarfe da kyau.

Shubnikov kuwa ya koma gida tun 1930, ya kafa ɗakin sanyi a birnin Harkof na Yukiren. A watan Agusta 1937 aka kama shi bisa ƙazafi, a watan Nuwamba aka harbe shi, yana da shekara 36. Sai bayan mutuwar Stalin aka wanke sunansa. A watan Afrilu 1938 aka kama Landau shi ma. Kapitza ya rubuta wa Stalin takarda, daga baya ya rubuta wa Molotov, ya tsaya masa da kansa, a zamanin da yin haka kan iya jawo wa mutum mutuwa. Bayan shekara guda a kurkuku aka sake shi. Lissafinsa kuwa ya riga ya fita duniya ta cikin takardar da Shoenberg ya buga a Ingila a 1939. Ana cikin haka Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi, bincike ya tsaya.

ZOBBAN FAIFAI

Shekara 17 ana tsammani bismut kaɗai ke da wannan hali. A 1947 Jules Marcus a Amurka ya gan shi cikin tutiya. Nan da nan Shoenberg a Kembirij, da waɗansu masana a Harkof, suka shiga gwada sauran ƙarafa, suka same shi cikin da yawa, har da dalma da alminiyam da kuza, irin wadda a ke haƙa a ƙasar Jos.

Wanda ya bayyana ma'anar abin sarai shi ne Lars Onsager, mutumin Norwe mai koyarwa a Amurka, wanda ya buga bayaninsa a 1952 bayan ya yi zama a Kembirij. Ilya Lifshitz a Harkof ya kai ga wannan sani shi kaɗai, daga baya shi da Arnold Kosevich suka cika lissafin.

Ga bayanin. Landau ya nuna cewa gaban maganaɗisu ba ko wane kewaye ne a ke yardar wa ɗan lantarki ba. A kan taswira, kewayen da aka yarda suna jere ne zobe cikin zobe, kamar saƙar faifai. In an ƙara ƙarfin maganaɗisu, sai zobban nan na taswira su buɗe, ko wanne ya matsa waje. Na can waje ya kan kai iyakar Fermi ya ƙetare ta, 'ya'yan lantarkin da ke kansa su zube su koma na ciki. Duk sa'ad da zobe ya ƙetare, sai ƙarfen ya ɗan motsa cikin halinsa. Hawa da saukan da aka gani a Leiden ke nan. In iyakar tana da faɗi, zobban cikinta suna da yawa, su kan fita bi da bi da sauri. In ƙarama ce, jefi jefi su ke fita. Sabo da haka wanda ya ƙidaya hawa da saukan ya san faɗin iyakar ta wannan fuska. Sai ya juya gunduwar ƙarfen ya sake ƙidaya. Kamar makaho ne aka ba tulu da zare, ya auna ƙugunsa ta nan ya auna ta can, har ya san siffarsa duka.

Amma ƙarafan da aka fi so a sani, jan ƙarfe da azurfa da zinariya, suka ƙi nuna kome. 'Ya'yan lantarkinsu suna da yawa, zobban sun matsu ƙwarai, maganaɗisun zamanin bai isa ya rarrabe su ba.

IGIYOYIN REDIYO

Nan ne yaƙi ya bar wa masana gado. Tashoshin rediyo masu gajeren zango su kan watsa a kan mita 25 ko 31 ko 49, watau tsawon igiyarsu ke nan. A lokacin yaƙi kuwa an koyi yin igiyoyi masu inci kaɗan sabo da rada, na'urar da ke hango jiragen sama tun suna nesa. Wani saurayi Bature, Brian Pippard, ya yi wannan aiki a yaƙi, a 1945 ya koma Kembirij da gwanintarsa.

Igiyar rediyo ba ta nutsa cikin ƙarfe, 'yar fatar sama kaɗai ta ke shiga, wadda ta fi gashin kai siranta fiye da sau 100. A cikin fatar nan ƙarfe ya kan sha kaɗan daga ƙarfin igiyar, ya mai da sauran. An yi tsammani in an ƙara sanyaya ƙarfe abin da ya ke sha zai yi ta raguwa. Amma tun a 1940 Heinz London ya lura ba haka ya ke ba, ya kan ragu ne ya tsaya. A 1947 Pippard ya faɗi dalili. Cikin sanyi tafiyar ɗan lantarki ta fi kaurin fatar nesa ba kusa ba. Wanda ya doshi cikin ƙarfe, kafin igiyar ta taɓa shi ya riga ya nutse. Waɗanda ke bin fuskar ƙarfen a kwance, kamar tsuntsu mai shawagi dab da ruwa, su kaɗai ke daɗewa cikin fatar.

Daga baya Pippard ya ga amfanin wannan. Tun da igiyar ta kan zaɓi masu bin fuska kaɗai, in an yanka ƙarfe mai jeri ɗaya ta fuskoki dabam dabam, ko wane yanka zai ba da labarin wani yanki na iyakar Fermi, ya nuna yadda ta tanƙwara a can. Daga 1955 zuwa 1956 ya zauna a Cikago ta Amurka, inda aka girka masa jan ƙarfe, aka yanka, aka goge fuskokinsa ba tare da an ɓata jerin ba. Ya haska su da igiya mai tsawon kamar rabin inci. Sa'an nan ya koma gida ya yi ta gwada siffofi da lissafi, yana neman wadda za ta dace da awonsa. A 1957 ya buga sakamako. Ya ce iyakar Fermi ta jan ƙarfe kamar tulu ce mai wuya takwas, ko wane wuya kuwa yana haɗe da na tulun da ke kusa, haka har ƙarshen taswira.

LILO

Waɗansu kuma suka haɗa maganaɗisu da rediyo wuri ɗaya. Kowa ya san in ana tura yaro a lilo, sai turin ya zo daidai da dawowarsa sa'an nan ya yi sama. Ɗan lantarki mai kewaya gaban maganaɗisu shi ma yana da lokacin dawowarsa, wanda ya dogara ga ƙarfin maganaɗisun da nauyinsa shi kansa. A sarari, gaban maganaɗisun da ya fi na duniya ƙarfi kamar sau 20,000, ya kan kewayo sau miliyan 28,000 cikin daƙiƙa ɗaya. In kaɗawar igiyar rediyo ta yi daidai da kewayensa, sai ya sha ƙarfinta da yawa, a gani a ma'auni. Daga nan a san nauyinsa.

A 1953 Dresselhaus da Kip da Kittel a Kalifoniya suka yi wannan gwaji da jamaniyam, wanda ke tsakanin ƙarfe da abin da ba ƙarfe ba, shi ne kuma aka ƙera taransista ta farko da shi a 1947. Aka ga cikinsa ɗan lantarki ya kan yi kamar nauyinsa ya sauya. In ya doshi wata fuska, bai kai kashi ɗaya cikin 10 na nauyinsa na sarari ba, in ya doshi wata, ya fi shi da rabi. Aka kuma ga guraben da Peierls ya faɗa, aka auna nasu nauyin.

Cikin ƙarfe sosai an ɗauka abin ba zai yiwu ba, tun da igiyar ba ta wuce fata. A 1956 waɗansu samari biyu a Harkof, Mark Azbel da Emanuil Kaner, suka sami dabara. Suka ce a kwantar da maganaɗisun daidai da fuskar ƙarfe. Ɗan lantarki zai nutsa ciki, ya kewayo, ya ɓullo cikin fatar sau ɗaya a ko wane kewaye, ya karɓi turi ya koma. In igiyar ta kaɗa sau ɗaya daidai kafin ya dawo, turi ya dace, haka kuma in ta kaɗa sau biyu ko uku. Sabo da haka alamun za su fito a jere. A cikin shekarar Eric Fawcett ya ga alamar abin cikin kuza da jan ƙarfe, waɗansu suka biyo baya suka tabbatar. A 1962 Vsevolod Gantmakher a Mosko ya ƙara wata hanya. Ya ɗauki fallen kuza siriri, ya riƙa sauya ƙarfin maganaɗisu har faɗin kewayen ɗan lantarki ya yi daidai da kaurin fallen, alama ta fito. Da ya ke an san kaurin fallen, an san faɗin kewayen ke nan.

CIKI DA WUYA DA ƘASHIN KARE

Tulun Pippard yana bukatar shaida ta biyu, don da lissafin gwaji aka same shi. Shoenberg ya ɗauki nauyin wannan. Tun da ba shi da maganaɗisun da zai riƙe ƙarfin da a ke so, sai ya riƙa tara lantarki yana sakinsa gaba ɗaya cikin naɗin waya. Ƙarfin ya kan tashi ya fi na duniya sau 100,000 da ɗoriya, ya faɗi kafin ƙiftawar ido, a cikin wannan ɗan lokaci a ɗauki hoton awo. Ya yi shekaru yana gwada jan ƙarfe bai ga kome ba. Mai haƙuri ya kan dafa dutse. A 1959 ya sami wani ɗan zaren jan ƙarfe siriri mai jeri ɗaya, ya gwada, hawa da sauka suka fito.

Da ya ci gaba da juya ƙarfe ta fuskoki, sai ya ga babban kewaye, ya sa masa suna ciki. Ya ga ƙaramin kewaye daidai inda Pippard ya ce akwai wuya. Ya kuma ga wani kewaye na gurbi, wanda ke bi ta tsakanin tuluna huɗu, siffarsa siririya a tsakiya da kumburi a kai biyu, aka sa masa suna ƙashin kare. Azurfa da zinariya su ma aka same su da irin wannan siffa, sai dai girman wuyansu ya bambanta. Hanya biyu dabam, ɗaya ta rediyo ɗaya ta maganaɗisu, sun kai ga tulu guda. Gani ya kori ji.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Cikin shekarun 1960 aka auna taswirar yawancin ƙarafa, aka gwada ta da lissafin da a ke yi da kwamfuta. Inda lissafi ya dace da awo aka amince da shi, inda ya saɓa aka gyara. Wannan lissafi, da sanin nauyin ɗan lantarki da na gurbi cikin jamaniyam da silikon, yana cikin harsashin da masu ƙera taransista suka yi gini a kai, ita kuwa taransista ita ce cikin rediyon hannu da kwamfuta da wayar salula.

Hanyar Leiden ba ta tsufa ba. A 1988 aka yi amfani da ita a Kembirij a kan wani haɗin ƙarafa mai yuraniyam, aka ga 'ya'yan lantarkinsa suna tafiya kamar nauyinsu ya ninka kusan sau 100. A 2007 kuma, a birnin Tulus na Faransa, aka ga hawa da saukan Shubnikov da de Haas cikin wani haɗi mai jan ƙarfe wanda ke wuce da lantarki ba tare da hasara ba in an sanyaya shi, abin da ya sa masana suka sake duba ra'ayinsu a kansa.

Landau ya sami lambar Nobel a 1962, Onsager a 1968, Kapitza a 1978, ko wanne sabo da wani aikinsa dabam. Shoenberg ya tattara sanin rayuwarsa cikin littafi guda a 1984, ya rasu a 2004, Pippard kuma a 2008. Shubnikov bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba, amma hawa da saukan da ya fara gani cikin bismut a 1930 da sunansa da na de Haas a ke kiransa har yanzu.